Luang Ta Bunlue ba ya da ƙuri'a

Shekarar da na tsaya takarar mai garin ƙauyenmu, na durƙusa da safe a bakin titi na zuba wa Luang Ta Bunlue, dattijo mai zuhudu na haikalinmu, shinkafar sadaka, na ɗaga murya yadda matan layin za su ji, na ce ranar Lahadi, ranar zaɓe, kada ya manta da ni. Dariya suka yi har wata ta kifar da miyarta. Kowane yaro a Tailan ya san mai zuhudu ba ya zaɓe. Ni, mai neman mulkin gari, na manta.

Shi ma fa ba baƙon siyasa ba ne. Kafin ya sa jan mayafin zuhudu direban motar kasuwa ne, kuma shi ke tara wa 'yan takara ƙuri'u a yankinmu. Ya san gidan da ake lallashi da gidan da sai an je ta wajen suruka. Da matarsa ta rasu ya aske kai ya shiga haikali, ya bar mana hayaniyar.

Yanzu duk ɗan takara motarsa yake kai masa ya yayyafa mata ruwan albarka. Ya yayyafa wa tawa, ya yayyafa wa ta Pranom, abokiyar karawata, kuma na lura ita ya fi jiƙa wa tayoyi.

Ni lasifikar haikali nake so. Duk ƙauyen ita yake ji, kuma tsakanina da Pranom tazarar ba ta kai a yi barci ba. Na same shi yana sharar ganye. Na tuna masa ya goya ni ina yaro, na ce kalma ɗaya ta isa, ko tari ya yi bayan sunana mutane za su gane. Ya ce lasifikar ta sanarwar rasuwa ce da ɓatan ɓauna.

Sai na sauya hanya. Na ce, "Luang Ta, gwamnati ta hana ka ƙuri'a kamar ƙaramin yaro. Ba ka so ka rama?"

Ya jingina tsintsiyar.

"Sawaeng, tawa ɗaya suka karɓa, kai ta gari duka kake so in karɓo maka. Ka ci ko ka faɗi, ni zan yi karatu ranar ƙona gawarka, Pranom ma haka. Matsa, ka taka min shara."