Lokotoro ta Kan Iyaka

Ranar da aka ce an ba ni uwar ɗaki, na zaci rayuwata ta koma irin ta littattafan da nake saya a kasuwar Gumel tun ina 'yar sakandare. Shiri ne na tallafa wa ƙananan likitoci daga yankunan da ba su da kowa cikin malaman jami'a. Ni 'yar makiyaya ce daga gefen Sule Tankarkar, kuma burina a ɗauke ni koyarwa a makarantar likitanci. Gurbi ɗaya ne, bakin uwar ɗakin nan kuwa shi zai yanke.

Farfesa ce, doguwa, mai taushin murya. Na so ta kamar ita ta haife ni. Na nemo irin turarenta na saya, har yadda take gyara gilashi na riƙa kwaikwayo a gaban madubi.

Wata rana ta zo Maigatari ganin aikina. Muna zagayen marasa lafiya sai wata tsohuwa da ta tsallako daga Nijar ta kama mini riga.

"Lokotoro, 'yar nan, cikin nan zai kashe ni."

Farfesa ta ce, "Me ta kira ki?"

"Ranki ya daɗe, likita take nufi. Haka mutanen Damagaram ke faɗa."

Ta yi dariya har da hawaye. Ni kuma raina fes, wai na sa ta nishaɗi.

Daga ranar sunana ya ɓace a bakinta. Duk taron da ta kai ni a birni sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ga Lokotoro tamu ta kan iyaka. Gaya musu yadda kuke cewa asibiti." In ce gidan likita, a kwashe da dariya, a koma shan shayi. Binciken da na yi kan ƙarancin jini a jikin masu cikin da ke tsallako iyaka kuwa, ko buɗe shi ba ta yi ba. In na tuna mata sai ta ce, "Haba Lokotoro, saurin me kike yi?"

Ranar ganawa tana zaune cikin masu tantancewa. Wani dattijon farfesa ya tambaye ni kan binciken. Ban buɗe baki ba ta karɓe.

"Wannan ai tawa ce, na san ta ciki da waje. Mutanenta na son ta, tana jin yarensu. In muka ɗauke ta, wa zai saurari tsofaffin can?"

Yarensu! Kamar ba Hausar da take yi da 'ya'yanta ba ce. Suka gyaɗa kai, aka ba wani gurbin.

A bakin ƙofa ta rungume ni. "Kar ki ji komai, 'yata, can kin fi amfani." Turaren nan ya buge ni. Ina isa gida na juye nawa a makwarara.

Har yau ina Maigatari. Tsofaffi na kira na lokotoro, ina amsawa da murna. Kwanakin baya ta bugo mini waya.

"Lokotoro! Muna da baƙi masu son ganin 'ya'yan shirinmu, ki zo ki ba su labarin kan iyaka."

Na ce, "Ranki ya daɗe, babu mai wannan sunan a nan."

Na kashe wayar, na kira mai ciki ta gaba.