Gawon Gidan Malam Habu

Akwai ranar da ba ta fita raina tun da na fara aikin haɗa wutar rana a nan Matamaye, kuma ku da kuka shigo kwanan nan ya kamata ku ji ta. A watan Agusta ne, damina ta yi tsakiya, ina shekarata ta biyu ƙarƙashin Shef Mutari, wanda ya koya mini aikin. Shi ke duba gida ya yanke magana, ni kuwa in hau rufi in ja waya.

Wanda ya kira mu Malam Habu ne, mai amalanken shanu da ke ɗaukar kaya ranar kasuwa. Gidansa yana bakin gari, inda turakun kuran, wato wutar lantarki, ba su kai ba. Matarsa Hadiza ta daɗe tana son firigo don ta riƙa sayar da ƙanƙara lokacin zafi, shi kuma ya yi mata alkawari a gaban 'yan'uwanta. Shanu biyu gare shi, su ke jan amalanken, ɗaya zai sayar ya biya mu. Da muka isa ma mun tarar da dillali zaune a ƙofar gida, igiyar san a hannunsa, jira kawai yake mu ce to.

Ƙa'idarmu kafin a sa pano, wato allon da ke shan rana, sai an ga rufi. Kafin a hau kuma sai an aika wa maƙwabta, domin wanda ke sama yana ganin tsakar gidan kowa. Aka aika, na hau. Kwano ne sabo, katako mai ƙarfi, rana tana dukansa ko'ina. Na leƙo ina murna na ce, "Shef, ai wannan rufin kamar don mu aka yi shi!"

Shi kuwa hankalinsa yana wani waje. Yana tsaye yana kallon wani ƙaton gawo da ke jikin katanga, rassansa sun miƙo bisa rufin, ba ganye ko ɗaya. Duk ɗan ƙasar nan ya san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani ya cika fam.

Shef ya ce, "Malam Habu, in rani ya yi, ina inuwar itacen nan take kwanciya?"

Malam Habu ya yi dariya. "Bisa ɗakin nan mana, tun hantsi har la'asar. Ai shi ya sa ɗakina ya fi na kowa sanyi."

"To, kar ka sayar da sanka. Wannan aikin ba zai biya ka ba."

Wallahi ji na yi kamar in faɗo daga rufin. Mun yi kwanaki ba aiki, ga ciniki har an riƙe igiya, mutum ya sa ƙafa ya ture!

Fuskar Malam Habu ta canza. Ya ce, "Shef, raina ni ka yi? Don ina ɗan amalanke? 'Yar inuwa ce za ta hana? In ba ka so, akwai masu yi."

Shef bai yi musu da shi ba. Ya ce in sauko in ɗauko ƙaramin panon da muke gwaji da shi da 'yar fanka. Muka haɗa a tsakar gida, fanka ta kama juyawa. Sai ya cire hularsa ya ɗora a kusurwa ɗaya ta panon. Kusurwa ɗaya tak. Fankar ta yi sanyi, ta yi sanyi, ta tsaya.

Ya ce, "Hula ce wannan, ba gawo ba. Lokacin da Hadiza za ta fi bukatar ƙanƙara, lokacin ne rufinka ba shi da rana. Bateri ba zai cika ba, ya yi ta wahala har ya mutu. Ka rasa sa, ka rasa wuta."

"To a sare itacen!"

"Sai ka nemi izinin 'yan gandun daji. In sun ba ka, da me za ka ciyar da san da ya rage in rani ya tsananta? Ba 'ya'yan gawon nan suke ci ba?"

Muka zagaya gidan ko za a sami wani wuri. Tsakar gida ƙarama ce, inuwar tana cinye ta, zaure kuwa na kara ne. Babu.

Malam Habu ya daɗe yana kallon fankar nan. Hadiza tana bayan labule, ta ji komai. Can ta ce, "Malam, mai da san turkensa." Na ji tausayinta ƙwarai. Ya fita ya karɓe igiya daga hannun dillali. Dillalin ya bi mu da baƙaƙen maganganu har muka tada moto.

A hanya na yi ta mita. Shef ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Isa, da mun haɗa, da yau ya gode mana, ya zage mu a watan Afrilu, kuma gaskiya tana gare shi."

Abin da na koya ke nan, shi nake so ku riƙe. Hawa rufi kowa ya iya. Kafin ku auna kwano, ku dubi abin da ke kewaye da shi, ku tambayi yadda wurin yake a watan da ba ku nan, ku kuma san me mutum zai rabu da shi don ya biya ku. Ga gidaje da yawa wutar rana alheri ce, mun sa wa mutane suna ta sa mana albarka. Ga wasu kuwa asara ce, kuma ku ne kaɗai kuka sani kafin a yi ta.

Kada ku zaci za a gode muku. Malam Habu ya ji kunya a gaban iyalinsa, har yau Hadiza ba ta da firigo, har yau in ya wuce shagonmu ranar kasuwa da ƙyar yake ɗaga wa Shef hannu. Amma da shanu biyu yake wucewa.