Fiyar da Malam Ashafa ya yi ta jira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, Allah Ya yi wa Malam Ashafa Matamaye rasuwa bayan gajeriyar jinya. Abokin aikinmu ne a wani kamfanin taliya da ke Sharaɗa, kuma a Ɗorayi aka yi jana'izarsa.

Malam, ban taɓa zama da mutum mai son sanin dalilin abu kamarka ba. Inji ya canza ƙara, sai ka ji me ya sa. Sabon ma'aikaci ya zo, sai ka san garinsu da irin geron da suke shukawa, sannan ka raba kwanonka da shi har ya saba. Ranar da iyalina take naƙuda, kai ka tsaya a kan injina bayan ka gama naka aikin, ba ka kuma yarda na rama maka ba.

Amma abin da ma'aikata za su fi tunawa da kai shi ne fiya. Wata rana aka kawo mana ita daga kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa, ka ɗanɗana, ka yamutsa fuska, ka ce man shanu ne aka manta ba a sa masa gishiri ba. Ƙwallon ne ya tsaya maka a rai. Ka yi ta jujjuya shi kana tambaya: wace irin bishiya ce take haifar wannan? Za ta yarda da Kano kuwa?

Da yake kai ɗan manoma ne, sai ka yi masa abin da ake yi wa iri a garinku. Ka tara ƙwallaye, ka shanya su a kan rufin kwano suka bushe ƙayau, ka adana sai damina. Ka shuka, ko ɗaya bai fito ba. Mun yi maka dariya har da hawaye. Ashe wanda ka yar ɗanyensa a bayan masallacin kamfani, inda ruwan alwala yake gangarawa, shi ne ya tsage ya yi tsiro. Na ga yadda ka tsuguna kana kallonsa, ka ce, "Ikon Allah! Ashe wannan ba ya son rana, ba ɗan garinmu ba ne."

Daga nan ka zama uban fiya. Ka yi mata rumfa da tsohon buhu, ka kewaye ta saboda awaki. Shekaru suka yi ta tafiya. Ta yi fure, zafin bazara ya kakkaɓe shi. Bana ne kawai ɗa guda ya riƙe, ya girma har ya cika tafin hannu. Burinka bai wuce ka ci fiyar da ka shuka ba, kai da ba ka ma son ɗanɗanonta. Kullum bayan azahar sai ka latsa ta a hankali, ka ce, "Da saura, ba ta nuna ba." Haka muka yi ta jira tare da kai, kamar yadda ake jiran mangwaro, har ciwo ya kwantar da kai.

A zaman makoki ne Sagir, direban da yake kai kayanmu Jos, inda ake noman fiya, ya ji muna labarin. Ya dube mu da mamaki ya ce, "Wai jira kuke ta yi laushi a sama? Ai fiya ba ta nuna a bishiya. Cire ta ake yi a ajiye a ɗaki."

Mun tsinko ta, na kai wa mai ɗakinka Aina'u, ta sa a cikin kwanon gero. Ba a yi mako ba ta yi laushi. Ta daɗe da ƙosawa, Malam, tun kana da lafiyarka kana latsa ta. Wallahi wannan ya yi mini ciwo. Na kuma san da kana nan ba baƙin ciki za ka fara yi ba, cewa za ka yi, "To, me ya sa?" Ni ma ban sani ba, kuma yanzu babu wanda zai matsa mana sai mun gano.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya ciyar da kai daga 'ya'yan itatuwan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Aina'u, da 'yarka Mubina, da 'yan uwanka na Matamaye. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.