Farar Rigar da Kawu Ya Ɗinka

Kawuna tela ne, autan su Innarmu. Shagonsa bai fi akurkin kaji ba: keke ɗaya, dutsen guga, sai ƙyallaye har gwiwa. Mutum ne shiru-shiru, amma ko cikin dubu ya ga ɗinkinsa sai ya gane shi, don yakan ninka bakin aljihu sau biyu, wai kada biro ya yaga.

Inna kuwa hawan jini gare ta, ta daɗe tana shan ƙwayoyin asibiti. Tun da aka saya mata babbar waya muka shiga uku. Ran nan ta ci karo da bidiyon wani likita cikin farar riga, yana rantsuwa cewa ƙwayoyin nan ke cinye ƙoda, a zubar da su, a koma jiƙon tafarnuwa. Ta tattara nata ta cusa ƙarƙashin katifa. Na yi magiya, na yi faɗa, ta ce duka-duka yaushe aka haife ni.

Na kai wa Kawu ƙara, na nuna masa bidiyon. Ko sauraron maganar bai yi ba, aljihun ya ƙura wa ido. Ya ce shi ya ɗinka rigar. Mutumin mai sayar da cajar waya ne a bakin tasha, cewa ya yi rigar wasan kwaikwayo yake so.

Kawu ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, muka nufi gida. Ya durƙusa ya yi wa Inna bayani tiryan-tiryan. Ta gama saurare, sai fuskarta ta washe.

"Ashe har likitoci kake wa ɗinki, Auta? Ai na faɗa, mutumin kirki ne."

Kafin yamma ta tura wa dangi bidiyon kaf, ta bi shi da muryarta, wai kowa ya yarda da likitan nan, ƙaninta ne telansa. Wallahi ranar Kawu ya ba ni tausayi.

Bai sake musu da ita ba. Kullum da safe, kafin ya buɗe shago, sai ya biyo ya tsaya a kanta da kofin ruwa. Takan haɗiye ƙwayar tana mita, ta ce don shi take sha, ba don ta yarda ba. Ya ce ya ji, hakan ma ya isa. Sauran dangin da suka ji muryarta kuwa, ba shi da ƙafar bin su gida-gida.