Ɗinkin Gwaggo Bai-bai

Ƙanwar babana ce, amma kaf unguwarmu, har tsofaffin da suka girme ta, Gwaggo Bai-bai suke ce mata. Sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. In ma ka ce Gwaggo kawai, sai ta waiwayo ta ce, "Wace Gwaggon? Ai muna da yawa."

Tela ce. Shagonta ɗaki biyu ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai kantin magani. Na gaban na masu kawo ɗinkin kuɗi ne. Na bayan kuwa, mai taga ɗaya tal, nan mata ke taruwa duk Asabar su ɗinka kayan jarirai kyauta: 'yan riguna, huluna, safa, da barguna na haɗe-haɗen ƙyalle. A naɗe su, a cusa sabulu da man shafawa a tsakiya, a kai asibitin unguwa saboda matan da ke zuwa haihuwa hannu rabbana. Har yau in na ji ƙamshin man keken ɗinki ya haɗu da na sabon yadi, sai in ji ni a ɗakin nan. Wallahi ina kewarsa.

Mata da yawa sun shiga sun fita, amma biyu ne ba sa fashi. Akwai Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma bakinta bai yi ba. Ita ke riƙe da almakashi, ita ke yanka. Sai Nas, mai aiki a ɗakin haihuwa, wadda ke kwashe ƙunshin kayan ta kai. Ni kuma tun kafin in yi aure nake cikinsu, aikina guga da ninki.

Asalin sunan daga ɗinkinta ne. Kowane tela fuska da fuska yake haɗa yadi, ya ɗinka, sannan ya juya, bakin ɗinkin ya ɓuya a ciki. Gwaggo kuwa, in dai rigar jariri ce, baya da baya take haɗawa. Furen yadin yana waje kamar yadda ya kamata, amma bakin ɗinkin ma yana waje, kowa na gani. Duk wanda ya ɗaga rigar sai ya ce, "Af, bai-bai aka ɗinka!"

Ni ma na taɓa yi mata ƙorafi, da yake bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Gwaggo, sai ka ce ba ki iya ba? Mutane fa dariya suke yi."

Ba ta daina taka keken ba. Ta ce, "Su yi ta yi. Ke kin taɓa ganin fatar bakwaini?"

A ranar na ji labarin da ba a yi a gidanmu. Ta taɓa haihuwa sau ɗaya, yaron ya zo kafin lokacinsa. Ba ta shirya komai ba, sai wata maƙwabciya ta ba ta riga. Da ta zo cire masa, ta tarar bakin ɗinkin ya kwanta masa a hammata, ya yi ja kamar an zana da biro. Yaron bai daɗe ba ya koma. Ta ce, "Ba rigar ce ta kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ɗan zaman da ya yi, a kan ƙaiƙayi ya yi shi." Daga nan ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma sake juya rigar jariri ba.

Dokokinta biyu ne, kuma ba ta wasa da su. Ta farko, ba mai taɓa mata yadi in ta zauna a kan keke. Ko gyara mata ka yi, za ka sha harara. Ta biyu, ba a saka wa ƙunshi abin da ba za ki iya sa wa ɗan cikinki ba. Takan ce, "Don mutum ba shi da shi, ba shi ne ba shi da ido ba." Na ga ta sa Malama ta farke hula sukutum saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Malama ta yi ta mita har aka tashi, amma ta farke.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, har yanar ido ta fara rufe mata gani. An yi aiki, ɗaya ya ɗan buɗe, daga baya ya koma gidan jiya. Ta sallami masu ɗinkin kuɗi da kanta, ta ce ta gaji da rigimarsu. Amma na Asabar ba ta bari ba. Allura ce kawai ta yarda a zura mata zare, shi ma sai ta ce tabaraunta ne ya yi datti. Abin da take tsoro a duniya bai wuce a ce mata ta tashi daga kan keken nan ba. Ta taɓa ce mini, "Ranar da na sauka daga nan, 'yar nan, ki fara nema mini likkafani."

Ina da tsohon ciki lokacin da abin ya fara. Na ɗauki rigar da ta gama zan goge, sai na ga fari fat, ba fure. Na leƙa ciki, ga furannin can. Hannunta bai manta komai ba, layin ɗinkin a miƙe, bakinsa a waje. Idon ne ya kasa bambance fuskar yadi da bayansa. Ta haɗa fuska da fuska ba ta sani ba.

Na nuna wa Malama. Maimakon ta faɗi gaskiya, sai ta ɗaga murya ta ce, "Kai, Yaya, wannan riga ta yi kyau!" Ta cusa ta a jakarta.

Wata Asabar a dace, wata a samu biyu ko uku masu fure a ciki. Jakar Malama ta fara kumbura. Rannan Gwaggo ta fita alwala, sai Malama ta jawo mu gefe.

Ta ce, "Gaskiya dai ɗaya ce, yadin nan mutane ne suke bayarwa, ba za mu yi ta ɓarnarsa ba. Kuma a dokarta ma, waɗannan ba za su shiga ƙunshi ba. Dole a gaya mata ta huta."

Nas ta ce, "To ki gaya mata mana, tunda ke ce mai bakin."

"Ni? Rufa mini asiri! Ga 'yarta nan."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Au, ni ce marar kunyar? Ku da kuka yi shekaru kuna shan shayinta? Wallahi ba da bakina ba." Na fizge jakar daga hannun Malama, na juye rigunan a tawa, na tafi da su gida ina huci. Ban san me zan yi da su ba. Na dai san ba zan bari a farke su ba.

Da na haihu, namiji, surukata ta kawo kaya na kanti masu tsada, har da masu maɓallin ƙarfe. Na yi godiya na ajiye. Na ɗauko ɗaya daga cikin na Gwaggo na sa masa. Surukata ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Duk kayan nan, sai wannan tsumman da aka sa bai-bai?" Na ce, "Mama, haka ake yayi yanzu." Mijina ya shige ɗaki da dariyarsa.

Da na ji ƙarfin jikina, Asabar ta farko na ɗauke shi muka tafi shago. Gwaggo tana kan keke. Na ɗora mata shi a cinya. Ta shafa kansa, ta shafa kumatunsa, sannan yatsunta suka gangara kafaɗa, suka bi bakin ɗinkin har hammata. Ta tsaya a nan.

Ta ce, "Wannan ɗinkina ne."

Na ce, "Naki ne, Gwaggo."

"Furen yana ciki, ko?"

Almakashin Malama ya tsaya a buɗe.

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta yi 'yar dariya. "Malama ce. Tun muna da haƙoranmu duka matar nan ba ta taɓa yaba ɗinkina ba. Ranar da ta ce riga ta yi kyau, na san an yi ɓarna." Malama ta buɗe baki za ta kare kanta, sai hawaye ya riga ta.

Gwaggo ta ce, "Na yi ta jira ku ce in tashi. Kullum da shirin kuka nake zuwa." Ta sake shafa rigar. "Ke kuma, don tausayi kika sa masa?"

Na ce, "Tausayin wa? Ba ke kika ce abin da mutum zai iya sa wa ɗan cikinsa ba? To ga ɗan cikina, ga riga. Ki duba hammatarsa in kin ji wani tabo."

Ta zura yatsa ta duba, da gaske. Sannan ta miƙa wa Nas yaron, ta lalubo ƙyalle biyu daga kan tebur, ta miƙo mini. Matar da ko kallon yadinta ka cika yi sai ta tanka.

Ta ce, "Zo nan, uwar tsiwa. Haɗa mini. Baya da baya, kin ji? In kika yi mini fuska da fuska, sai na ci mutuncinki."

Daga ranar aikina ya canja. Ni ke haɗawa in kafe da fil, ita ke takawa. Ba ta sauka daga kan keken nan ba sai makon da ta kwanta ciwon ajali. Ragowar rigunan masu fure a ciki kuwa, Nas ta kwashe su ta kai, ta ce iyayen har rububi suka yi.

Yanzu shagon na mai sayar da waya ne, Malama ma ta rasu. Asabar ɗin tana nan, a falona ake yi, kuma duk sabuwar da ta zo sai ta ɗaga riga ta ce, "Af, bai-bai aka ɗinka!" Yaron nan ya fi ni tsawo, har ya fara aske gemu. Rigarsa tana cikin akwatina. Wajenta ya yi dusu-dusu, wuyan ya saki. Amma in na buɗe cikinta, furannin suna nan da launinsu, don duk shanyar da ta sha ban taɓa juya ta ba.