Alewar Cakulan da Ta Ƙi Daskarewa

A gidanmu na Dutsen Kura akwai wani kwanon samira mai murfi, fari da jan fure, bakinsa ya ɗan ɓantare a gefe guda. Ba nawa ba ne. Na maƙwabciyata ne, wadda duk layinmu ke kira Maman 'Yan Biyu, 'yar Gbagyi daga Kuta, Kirista, malamar firamare. A satin da muka tare ta aiko min shinkafa a cikinsa, ni kuma na mayar mata shi da waina, domin a inda na taso ba a mayar da kwano fanko, ashe su ma haka suke. Tun daga nan kwanon bai sake samun hutu ba. Da Kirsimeti ya tsallako da kek da cincin, da Sallah ya koma da nama, in an yi haihuwa ko rasuwa ya yi ta zirga-zirga har a rasa gidan da ya kwana. 'Ya'yana sun yi girma a gidan nan, babbar ma ta fi ni tsawo, amma har yau Amarya take ce min.

Matsalata da matar nan kek ɗinta ne. Tana da abin gasa kek, kuma ta iya. Kek ɗinta kan tashi ya cika kwanon har murfi ya ƙi rufuwa, ga laushi, ga ƙamshi, 'ya'yana su cinye su kalle ni da wani irin tausayi. Ni kuwa a fagen kayan zaƙi abu ɗaya na iya, alewar madara. Shekara da shekaru ita nake aika mata. Takan karɓa ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Amarya, ka sake yin abin nan mai dadi," ni kuma in dawo gida ina cin raina. Ina ƙaunarta, amma ina kishin kek ɗin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ana nan sai mijinta ya yi ritaya, ita ma tata ta zo, suka ce za su koma Kuta su rungumi noman doya. Bayan Ista za su tashi. Kowa ya ce min ai Kuta ba nisa, mota ɗaya ce. Na san irin wannan ba nisa ɗin. Yayata ma ba nisa take ba, a Bosso take, nan cikin gari, rabona da ita tun wani suna. Da Ista kwanon ya shigo da kek kamar kullum, na wanke shi na kife, sai na tsaya ina kallonsa. Wannan karon in ya koma hannun mai shi, ya koma ke nan, zai hau motar kaya tare da tukwanenta. Na yi rantsuwa ba zan sallami matar nan da alewar madara ba. Sau ɗaya dai a rayuwa ina so ta buɗe murfin ta rasa abin cewa, ta tafi Kuta tana tunawa da ni.

Ƙanwata ce ta turo min bidiyon a waya. Wata Baturiya ce cikin rigar sanyi, a bayanta taga, ƙanƙara na zuba a waje. Tana murmushi ta ce ga alewar cakulan, wadda su suke kira faj, ba gashi, ba wahala, ko yaro zai iya. Kaya uku: cakulan, madarar gwangwani mai kauri mai zaƙin nan, da bota. A narkar, a juye a kwano, a sa a firij, a fito da ita a yanka. Ta yanka, ga gutsattsari kamar sabulu, sumul. Baiwar Allah ba ta ce a fara duba ko akwai wuta ba. Ban ga laifinta ba, ni ce na kalli ƙanƙarar da ke bayanta, na kalli gumin da ke ɗiga daga haɓata a kan wayar, na ce ai duk ɗaya ne.

Na tafi Kasuwar Kure da zafin rana, irin na Afrilu, wanda takalmin roba ke yin laushi a ƙafa. Mai kantin ya miƙo min cakulan, na taɓa, na ji ya lotsa a cikin takardarsa. Ya narke ya daskare ya sake narkewa har ya manta siffar da aka yi shi da ita.

"Hajiya, wallahi sabon zuwa ne," in ji shi.

"Na gani. Da ƙafa ya zo?"

Ya yi dariya, bai rage min ko sisi ba. Na sayi madara. Da na zo kan bota sai basira ta sauko min. Me zai sa in sayi botar gwangwani, wadda ban san da me aka yi ta ba, alhali ga Bafulatanar da nake sayen nono a wurinta zaune da man shanu na gaskiya a ƙwarya? Ita Baturiyar da ta samu irinsa ai da ta yi godiya. Na saya, na dawo gida ina jin na fi mai bidiyon sanin sana'arta.

Aikin kansa, gaskiyar magana, ba wuya. Na ɗora ruwa a tukunya, na aza kwanon silba a bakinta, na farfasa cakulan a ciki, na juye madara, na sa man shanu cokali cike, na ƙara wani don albarka, da ɗan gishiri. Ina juyawa a hankali abin ya haɗe, ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi. Kicin ya ɗauki ƙamshin cakulan, a bayansa kuma wani ƙamshi na biye, irin wanda ke sa mutum ya waiga neman tuwo da miyar kuka. Na ce in ya huce zai tafi. Na shafa mai a kwanon Maman 'Yan Biyu, na juye, na lallaɓe saman da bayan cokali. Tun safe akwai wuta, firij ya yi sanyi har yana gumi. Na buɗe shi, na ajiye kwanon, na rufe. Ban kai ga sakin murfin ba na ji fankar falo ta fara rage gudu.

Jiharmu ce ke da madatsun ruwan da ke ba ƙasa wuta, ɗaya ma yana can gaba da Kuta. Muna alfahari da wannan ƙwarai, musamman in muna zaune muna fifita da murfin bokiti. Na ce masu wuta za su dawo da ita. Aka yi la'asar, aka yi magariba. Firij ya huce, ya koma kabad mai tsada. Na fito da kwanon na girgiza, abin ya yi rawa.

Maigidana ya leƙo kicin, ya ɗaga murfi, ya daɗe yana kallo.

"Wannan kunun na waye?"

"Ba kunu ba ne, Malam. Alewa ce."

"To. Allah ya ba ta lafiya."

Na aika neman ƙanƙara, mai ƙanƙara ya ce shi ma masu wuta yake jira. Na ɗebo ruwan randa a baho, na zaunar da kwanon a ciki, na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ina canza ruwan kamar mai jinyar zazzaɓi. Tururuwa suka samu labari, suka yi layi a gefen bahon suna jiran ruwa ya janye. Washegari na taɓa da yatsa, yatsan ya nutse. Wuta kuwa ta zo, kada in yi musu ƙarya. Ta zo, yaran layi suka yi ihu, na ruga da kwano zuwa firij, kafin in juyo ta koma inda ta fito.

Maigidana ya ce, yana kallon wani wuri daban, ai a layin nan kaf gida ɗaya ne ke da firiza mai aiki da sola. Na san gidan, na Maman 'Yan Biyu ne. Na ce masa in mutu in dawo ba zan kai wa mace kyautarta ta sanyaya min ba. Ya ce to, motar kayansu dai gobe da safe za ta zo. Na zauna ina huci. Da rana ta yi sanyi na sa mayafi, na ɗauki kwano.

Na tarar da gidan a hargitse. An sauke labulaye, katifu a jingine, buhuna ko'ina. Maman 'Yan Biyu na tsakar gida ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali tana naɗe faranti a cikin zannuwa.

"Amarya! Ka zo taya ni ne, ko ka zo kallo?"

"Mama, wani taimako nake so. Ki sa min wannan a firiza zuwa safe. Amma kada ki buɗe."

Ta kalli kwanon, ta kalle ni. "Kwano na ne, firiza na ne, amma ba zan bude ba?"

"Eh."

"To ga firiza can, je ka sa."

Na juya. Firizar na tsaye a bakin ƙofa, murfinta a buɗe, an cika ta da tukwane da labulaye. Farantan sola kuwa an sauke su tun jiya, ga su can an ɗaure da igiya a jikin katanga. Na tsaya da kwano a hannu. Ta zo ta karɓe shi daga hannuna, ta zauna a kan buhu, ta buɗe abinta.

"Wannan menene?"

"Alewar Turawa ce."

"Turawa da cokali suna shan alewa?"

Ta tsoma yatsa ta lasa. Ta ɗago ta kalle ni. Ta sake lasa, sai na ga kafaɗunta sun fara motsi.

"Amarya. Man shanu ka sa."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ni ina tsaye ina jin kunya da haushi. Burina ta buɗe ta rasa abin cewa, ga shi kuwa ta rasa, dariya ta hana ta magana. Da ta lafa ta shiga ta fito da burodi, ta ce cokula duk an ɗaure su. Muka zauna a kan buhunan muna yagar burodi muna dangwala. Abin haushi, da daɗi. In ka manta da cewa alewa aka yi niyya, kuma ka yafe wa ƙamshin tuwon da ke zuwa daga baya, da daɗi sosai. Muka ci fiye da rabi, muna hirar ranar da akuyarsu ta cinye min shanyar kuɓewa, da ranar da ta riƙe min hannu a asibiti tana zagin maigidana don ya tafi neman shayi.

Da na ga magariba ta kawo kai, na miƙe na gyara mayafi. Na rufe kwanon na tura gabanta.

"To Mama, ga kwanonki. Allah ya kiyaye hanya, ya sa ku sauka lafiya. Duk abin da na yi miki, ki yafe min."

Ta sa ƙafa ta turo shi gabana.

"Ni ban karba ba."

"Kamar yaya?"

"Wannan abu bai yi ba. Ba ka gani? Ruwa ne. Ni ina aiko maka kek mai kyau, kai ka kawo mini kunu, ka ce mun gama? Dauki. Ranar da ya yi tauri, ka kawo mini Kuta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta gama lashe yatsunta yanzun nan, ita ce ke ce min bai yi ba. Na sunkuya na ɗauki kwanon, na ce sai da safe, ta amsa ba ta kalle ni ba, ta duƙufa tana ɗaure bakin wani buhu da na ga an riga an ɗaure. Na fito ina ƙunƙuni, ina shirya maganganun da ya kamata in faɗa mata. Sai da na kai ƙofar gidanmu na gane abin da ta yi: ta bar min kwanon ne don dole wata rana in bi ta Kuta. Na zauna a dakali da kwano a cinya na yi kuka sosai, har mai awara da ke tsallaken hanya ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Da safe motar ta zo ta kwashe su. Kwanon ya zauna a saman kabad ɗina duk damina, ina ganinsa kullum, yana hana ni cewa ai Kuta ba nisa, wata rana na je. Na sake gwadawa ba sau ɗaya ba. Na haƙura na sayi botar gwangwani, na bar wa tuwo man shanunsa. Na koyi cewa ba a yawaita madara, kuma ba a fara aikin sai an ga wuta ta zauna da gindinta. Da sanyin Disamba ya shigo, wata rana na fito da kwanon daga firij na danna, bai lotsa ba. Na yanka da wuƙa, ga gutsattsari kamar na Baturiya. Maigidana ya ci ɗaya, ya ce ashe marar lafiyar ta tashi.

Ana gobe Kirsimeti na naɗe kwanon a tawul, na shiga motar Kuta, na riƙe shi a cinya, duk wanda ya matso kusa da shi sai na harare shi. Na same ta a bayan gida tana jera doya a rumfa, ta yi baƙi ta rame kaɗan, amma muryar na nan. Ta yi ihun Amarya har maƙwabtanta suka fito ganin amarya, suka tarar da ni.

Ta buɗe murfin. Ta ɗauki guda ɗaya ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ciza. Ta ci na biyu. Ta ci na uku a tsaye, ta juye sauran a roba ta kai can ƙasan firiza ta ɗora kifi a kai, don kada jikokinta su gani. Sannan ta wanke kwanon ta goge, ta yanko kek ɗin da ta gasa na gobe, ta cika shi har murfi ya ƙi rufuwa, ta ɗaure da tsumma ta ɗora min a cinya.

"Yaya, Mama? Ya yi?"

"Suga ya yi yawa," in ji ta. "Sake gwadawa."