Sittana Mai Goge Fuskar Amare

A Omdurman idan aka ce mai kwalliyar amare, wadda ke shafawa ake nufi. Sittana 'yar Jatau kuwa da gogewa aka san ta. Bayan an gama hoto an gama rawa, amarya ta galabaita, fuskarta na yi mata zafi a ƙarƙashin hoda, sai a aika a kira ta. Takan zo cikin farin tob, lulluɓin matan Sudan, da ƙaramin kwando a hannu, ciki da auduga da kwalba mai faɗin baki. Sharaɗinta guda ne, kuma duk matan unguwar Abbasiyya sun san shi: muddin hannunta yana kan fuskarki, ba za ki yi shiru ba.

A Jazira aka haife ta, a wani kambo, wato sansanin 'yan ƙwadagon gona, tun tana ƙarama take bin uwarta Inna Kande tsinkar auduga. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, Jatau ya gaji da noman gonar wani, ya kwaso iyalinsa zuwa birni. Ya samu aiki a wani gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, suka kama haya a Omdurman, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, Sittana da ƙanwarta Ni'mat wadda lokacin ko yaye ba a yi mata ba.

Sittana ta fara zama budurwa ke nan aka samo mata aikin shara a shagon gyaran gashi na wata 'yar Girka a Khartum, Madam Eleni. Kullum sai ta ƙetare gada a bas. A nan ta fara ganin abin da matan manya ke kira kol kirim, wani farin mai mai kauri, mai sanyi a fata, mai ƙanshin wardi. Wata rana Madam ta iske ta tana dirza fuskarta da sabulun wanki don ta fitar da kwallin da ya zarce mata. Ta kama hannunta.

"Fuska ba tukunya ba ce," ta ce da Larabcinta mai karyewa. "Zauna."

Ta lakato kirim ɗin, ta murza shi a yatsunta har ya yi laushi, ta shafa mata daga haɓa zuwa sama, a hankali, tana zagayawa. Ta ce a jira shi ya yi aikinsa, domin mai ne ke narkar da mai. Sannan ta goge da auduga, ta bi da tawul mai ɗumi. Sittana ta dubi audugar ta ga duk baƙin ya koma kanta, ta taɓa kumatunta ta ji kamar ba nata ba. Ba a daɗe ba matan da ke zuwa shagon suka fara cewa su dai yarinyar nan suke so ta goge musu, hannunta ba ya da nauyi.

Da Girkawa suka fara barin ƙasar, Madam Eleni ta rufe shago ta tafi. Kirim na waje ya yi wuyar samu, amma Sittana ta riga ta ga yadda ake haɗa shi. Takan narka kakin zuma da man riɗi a kwano bisa ruwan zafi, ta riƙa ɗiga ruwan wardi tana juyawa har hannunta ya gaji, har abin ya yi fari ya kama jikinsa. Sai ta zuba a kwalba, ta daidaita samansa da bayan cokali, ta ajiye a gindin randa inda sanyi yake. Da wannan ta shiga gidajen biki. Jatau ya rasu, ita ta riƙe gidan. Samari sun zo, ta yi ta cewa sai ta ga Ni'mat a ɗakinta tukuna.

Ni'mat ta tashi yarinya mai surutu, irin wadda ko tana shara tana ba tsintsiya labari. Wani masunci daga Jabal Awliya, Jafaru, wanda ke kawo kifi kasuwar Omdurman, shi ya nemi aurenta, ita ma tana son sa. Ranar da za a kai ta, Sittana da kanta ta yi mata kwalliya, abin da ba ta cika yi wa kowa ba.

"Yaya, ki rage hodar nan," in ji Ni'mat, ido a rufe. "Kada Jafaru ya ce an musanya masa."

"Rufe bakinki in sa miki jan baki."

"To wa zai goge mini? Kin san sai na yi ƙuraje in na kwana da shi."

"Zan biyo ku da la'asar in na sallami baƙi. Ki bar shi, kada ki taɓa shi da sabulu."

Da hantsi aka ɗauki amarya da mata 'yan rakiya a babbar mota, ana guɗa. Ba a kai azahar ba labari ya dawo. Taya ta fashe a hanyar Jabal Awliya, motar ta kife. Mata da yawa sun ji rauni, Ni'mat kaɗai ce ba ta tashi ba. Likita ya duba ta a asibiti ya ce rai ya yi halinsa. Aka dawo da ita gida, aka kwantar da ita a ɗakin da aka yi mata kwalliya da safe. Ko ƙwarzane babu a fuskarta.

Gogo Hajara, tsohuwar da ke wankan gawa a unguwar, ta zuba ruwa a fuskar, ruwan ya gangare bai taɓa fata ba. Ta sake zubawa, haka. Ta leƙo tsakar gida inda mata ke kuka ta yafito Sittana.

"'Yata, sai kin yi haƙuri. Wannan abin da kika shafa, ruwa ba ya ratsa shi. Ke kika san maganinsa."

Sittana ta ɗauko kwalbarta, wadda ta riga ta sa a kwando don tafiyar la'asar. Ta durƙusa. Ta murza kirim a yatsunta, ta shafa daga haɓa zuwa sama kamar yadda ta saba. Fuskar ta koma fara fat, ido a rufe. Ta jira. Da ta fara gogewa, fatar Ni'mat ta fito a ƙarƙashin audugar, baƙa mai sheƙi, kuma Sittana ta ji ɗumi a kumatun. Ta ɗora tafin hannunta. Ɗumi ne sosai. Ta ga kamar leɓen ƙasa ya ɗan motsa, irin motsin da Ni'mat ke yi idan za ta faɗi wata magana.

"Gogo, jikinta da ɗumi."

Tsohuwar ta taɓa wuyan, ta kara kunnenta a ƙirji, ta daɗe. Ta ɗago ta girgiza kai.

"Ɗumin hannunki ne, 'yata. Ƙarasa, maza suna jira."

Ta ƙarasa. Aka yi wanka, aka sa likkafani, kafin magariba an dawo daga maƙabarta.

Sittana ba ta yi kukan da aka zata za ta yi ba. Bayan kwanakin zaman makoki ta koma aikinta, domin gidan ba shi da wani mai nema. Amarya ta farko da ta je wa, wata 'yar unguwar Banat ce. Ta shafa mata kirim, yarinyar ta lumshe ido ta yi shiru don gajiya. Sittana ta duba sai ta ga ba ita ba ce. Goshin Ni'mat ne, hancinta ne, har ɗan ramin haɓarta. Ta saki audugar ta fita tsakar gida ta tsaya a rana tana haki. Da ta dawo ta ce wa yarinyar, "Yi mini magana. Ko mene ne. Faɗa mini sunayen ƙannenki." Muryar tana fitowa, fuskar ta koma ta mai ita. Daga ranar sharaɗin ya samo asali. Amare sun ɗauka wasa ne irin na manya, suka riƙa ba ta labarin angwayensu, suna dariya kirim na shiga musu baki.

Akwai kuma maganar kwalba. Ba ta taɓa ajiye ta ba sai ta daidaita samanta da cokali. Amma wani lokaci idan ta dawo daga kasuwa da rana tsaka ta buɗe, sai ta tarar da sawun yatsu biyu a ciki, sirara, sun fi nata ƙanƙanta. Ta nuna wa Inna Kande.

"Zafi ne ya narka shi ya zauna haka," in ji Inna, ba ta ko duba sosai ba. "Rufe, Sittana. Ki bar yarinyar nan ta kwanta."

Ta je wurin Malam Idirisu limamin unguwa, ta zauna daga bakin ƙofa ta gaya masa abin da hannunta ya ji a ranar. Ya ce gawa takan riƙe ɗumi, balle a zafin Omdurman, likita ya gani, Gogo Hajara ta gani, kuma ba wanda ke tafiya kafin lokacinsa. Ya ba ta addu'o'i. Ta yi godiya, ta riƙe addu'o'in har ƙarshen ranta. Ta yarda da duk abin da ya faɗa, sai dai tafin hannunta bai yarda ba.

Jafaru bai daina zuwa gidan ba. Duk sanda ya kawo kifi kasuwa sai ya ratso ya ajiye wa Inna nata. Wata rana ya tarar da Sittana tana juya kirim a inuwar bango, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Yaya Sittana, ni fa ban gan ta ba a ranar. Ina can ina jira da mutane. Yaya ta yi?"

Sittana ba ta daina juyawa ba. "Ta yi kyau. Jan tob ta sa, mai zare na zinariya. Ta ce in rage hoda kada ka ce an musanya maka."

Ya yi dariya. Har ta buɗe baki za ta gaya masa sauran, sai ta ga yadda yake murza hularsa, ta fasa. Daga baya danginsa suka aiko neman ta maye gurbin ƙanwarta. Ta ce a ba shi haƙuri, mutumin kirki ne, amma ba za ta iya bin hanyar nan ta Jabal Awliya ba. Ya yi aure a can garinsu, kifin kuwa bai yanke ba sai da Inna Kande ta rasu.

Shekarar babbar ambaliya gidan hayar ya rushe. Sittana ta koma unguwar Dar Salam a bayan Omdurman, ta gina ɗaki guda na jar laka a bakin unguwa. Zamani ya juya, shagunan kwalliya suka cika gari, amare suka daina aikowa. Waɗanda ke zuwa yanzu 'yan mata ne da man bilicin ya ƙona wa kumatu, suna rufe fuska da gefen mayafi. Ba ta yi musu faɗa. Takan wanke musu abin da suka lafta don ɓoye tabon, ta shafa musu nata, ta ce su guji rana su guji madubi na ɗan lokaci. Wasu sun warke, wasu tabon ya zauna. Su ma ba ta barin su yi shiru.

Idan kuma mace ta rasu da kwalliya a fuska, a biki ko a hanya, Sittana ake kira, ba ta taɓa ƙi ba. Masu wankan gawa sun san halinta. Bayan ta goge takan ɗora hannu a kumatu ta zauna haka, wani lokaci har maza su fara gyaran murya a waje. Ba mai ce mata ta yi sauri. Sai ta tabbata sanyi take ji sannan ta tashi.

Da tsufa ya zo sai yanar ido ta rufe mata gani. Ta gaya wa maƙwabciyarta Maimuna cewa abin ya zo mata da sauƙi, tunda yanzu ba ta ganin fuskar kowa. Bayan wasu watanni kuma ta ce ashe yatsu ma suna gani.

Ana saura kaɗan azumi, wata safiya ta ce wa Maimuna tana son zuwa Jabal Awliya. Maimuna ta yi mamaki, don ta san tsohuwar ba ta taɓa taka hanyar ba. Mijin Maimuna, Yakubu, yana da ƙaramar motar ɗaukar kaya, ranar Juma'a ya sa su a gaba suka tafi. Sittana ta zauna a bakin taga, ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Sun yi nisa da Khartum sai ta ce, "Yakubu, idan mun zo wurin ka gaya mini."

"Wane wuri, Hajiya?"

"Inda motar biki ta kife."

Yakubu ya dubi matarsa. Shi ba a ma haife shi ba lokacin. Ya ce hanyar an sake ta, an faɗaɗa, duk inda yake fili a da yanzu gidaje ne da shaguna. Suka tsaya suka tambayi wani dattijo mai sayar da kankana, ya ce motoci da yawa sun kife a hanyar nan, wacce daga ciki?

"To," in ji Sittana. "Mu je."

Suka isa madatsar ruwan Jabal Awliya. Maimuna ta kama hannunta ta zaunar da ita a inuwar bishiya, aka kawo musu soyayyen kifi da lemun tsami. Ta tambayi mai kifin ko ya san wani Jafaru masunci. Ya ce ya rasu tun bara waccan, amma ga 'ya'yansa can a kwalekwale, ko a kira su? Ta ce a'a, a bar su su yi aikinsu. Ta ci kifin kaɗan, ta zauna tana sauraron ƙarar ruwa har rana ta karkata. A hanyar dawowa barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗar Maimuna.

Ta yi azumin shekarar duka. Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rasu ranar wata Talata da hantsi, Maimuna na dama mata kunu a ƙofar ɗaki. An binne ta a maƙabartar Dar Salam, can gefen yamma inda unguwar ke ƙarewa.